Kwandon da Ya Wuce Gidan Tumirah

A ƙauyenmu na Sumberan, duk bikin da aka yi cikin shekara talatin da suka wuce, Tumirah ce ta turara shinkafarsa. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma biyan ta ake yi ba. Abin dai shi ne, duk macen da ta gwada tukunyar biki sai ta sauke shinkafa ko ba ta nuna ba ko ta caɓe, ita kuwa wannan 'yar ƙaramar mata mai wushirya sai ta kara kunne kusa da murfi, ta ce a janye itace, shi ke nan. Amare da yawa ta ciyar da baƙinsu ba ta ga kwalliyarsu ba, domin wurinta bayan gida ne, cikin hayaƙi, tun safe har rana ta faɗi.

Yadda muke yi kowa ya sani. Mai biki zai aika ɗan kwandon gora mai murfi gida-gida, da dafaffiyar shinkafa a ciki, da cinyar kaza, da soyayyar taliya, da ƙwai ɗaya. Duk gidan da aka buɗe kwandon aka ci, matar gidan ta san ranar biki za ta goyo nata: shinkafa kilo biyar, sukari kilo biyu, taliya, wani lokaci har da nonon ayaba. A bakin kicin akwai mai aunawa tana rubutawa. Ranar da naki bikin ya zo, a dawo miki da abinki daidai, ba a rage ko cokali ba. Wasu suna ƙorafin nauyin abin, musamman a watan babbar sallah da za ka ga kwando uku sun shigo gida ɗaya cikin mako guda. Tumirah ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita a wurinta ajiya ce, kuma saboda ita ta koyi rubutu da girmanta, tana damƙe biro kamar mai riƙe da wuƙar fere rogo. Littattafan rubutu irin na 'yan makaranta har guda uku ta cika da sunaye.

Mijinta Kasiran mai fasa farin dutse ne a kan tudu, mutum mai yawan tsokana. In ya gan ta tana auna shinkafar da za su ci ranar don ta kai bikin wasu, su su kwana da tuwon rogo, sai ya ce, "Tum, wannan bankin naki ƙofar shiga kawai na ga an yi masa. Ina ta fita?"

"Ga ta can tana girma," in ji ta, tana nuna 'yarsu tilo, Wartini, da haɓa.

Amma ba lissafi kaɗai ne ya ɗaure ta da littafin nan ba. Tana yarinya akwai wani tsoho, Mbah Sonto, da ya ce ya gaji da ciyar da bikin 'ya'yan mutane, ya riƙa mayar da kwando ba a buɗe ba, har aka daina kai masa. Da ya mutu an yi masa sallah an binne shi, tunda wannan wajibi ne. Sai dai ba macen da ta hura wuta a gidansa, ba wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Kwana uku bayan haka Tumirah ta bi mahaifiyarta suka leƙa, suka tarar da kaji suna tono a kan gadonsa. Tun daga ranar ba talauci take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne a fito rabon kwando a wuce ƙofarta.

Wartini ta gama makaranta ta tafi birnin Batam aiki a wata masana'anta, tana aiko da ɗan abin da ya samu duk wata. Gidan ya rage mutum biyu. Sannan wata Laraba da hantsi aka sauko da Kasiran daga tudu a kan ƙyauren ƙofa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Mutumin da ba ya minti biyar bai yi magana ba, tun daga ranar bai ƙara furta kalma ba. Ya kan bi ta da ido dai, daga gado zuwa murhu, daga murhu zuwa ƙofa.

Katin lafiya na gwamnati ya biya gadon asibiti a garin Wonosari. Bai biya motar da ke kai shi tana dawo da shi ba, bai biya mai tausa ba, bai kuma mayar da kuɗin dutsen da ya daina shigowa ba. Kaji ne suka fara tafiya, sai awaki uku, sai itatuwan katako biyu da Kasiran ya dasa shekarar da aka haifi Wartini. Na ƙarshe 'yan kunnenta na zinariya, ta cire a gaban mai shago, ta sa tsinke a hujin don kada ya toshe, wai ko wata rana.

Daga nan sai Darno. Mutanen ƙauye bankin yawo suke ce masa: babur, jakar fata, da ɗan kati ruwan hoda da yake hudawa. Zai ba ka rupiya miliyan ɗaya ya zare dubu ɗari tun a hannunka, gobe da safe kuma ka gan shi a ƙofa, jibi ma haka. Ni dai ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Takalmi yake cirewa a bakin ƙofa, ya gaida Kasiran, ya tambayi jiki, ya karɓi abin da ya zo karɓa. Ladabin nan kuwa bai taɓa rage ko rupiya ɗaya ba. Tumirah ta ci bashi na biyu ta rufe na farko, ta ci na uku ta rufe na biyu. Kafin shekara ta zagayo kati ya kai miliyan takwas, kuma wani dillali ya riga ya je ya taka gonar rogonsu ya ƙirga tsawonta da ƙafa.

Wata rana da la'asar ta ɗauko littattafan nan uku ta haɗa lissafi. Shinkafa kaɗai ta haura buhu arba'in, ban da sukari. Ta zauna tana kallon adadin. Arziki ne na gaske, da zai biya Darno har ya yi rara, amma yana warwatse a rumbunan mutane, kuma ba a zuwa gidan mutum a ce ba ni shinkafar da na kawo bikin ɗanka. Wanda ya yi haka ya zubar da mutuncinsa har jikokinsa. Biki ne ke shigar da ita, biki ne kuma ke fitar da ita.

Tana cikin wannan hali Wartini ta bugo waya, murya cike da farin ciki da ɗan tsoro. Ta ce ta yi aure. Wani abokin aikinta ne, Rusdi, mutumin Sumatra, mai hankali. An ɗaura a ofishin ɗaurin aure da shaidu biyu, jami'in wurin ya tsaya waliyyi tunda baba ba ya iya magana.

"Na ga halin da kike ciki ne, Mbok," in ji ta, don Mbok muke ce wa uwa. "Na ce kada in ɗora miki nauyin biki a kan na baba."

Tumirah ta sa mata albarka, ta tambayi ko mijin yana sallah, ta ajiye waya. Ba ta yi fushi ba, da wa za ta yi? Yarinya ta tausaya mata ne, tausayin kuma ya toshe ƙofar da ta shekara talatin tana jira. Ta fita bayan gida ta tsaya kusa da turken awaki da babu kowa, ta yi kukanta a can don kada Kasiran ya gani.

Maƙwabciyarta Painah ce ta tarar da ita. Painah ita ce mai aunawa da rubutawa a bakin kicin a duk biki, mace mai ƙiba da kaifin baki, wadda ta san abin da ke rumbun kowa. Da ta ji labari sai ta riƙe ƙugu.

"To mene ne abin kuka? An ɗaura aure, eh. An zaunar da amarya a gaban jama'a? Wa ya gani? Ni dai ban gani ba, kuma abin da ban gani ba ban rubuta ba. Kira ta ta zo da wannan mutumin Sumatran mu ga ko yana da hanci."

"Yu, da me zan yi biki?" in ji Tumirah, don Yu muke ce wa yaya.

"Da abin da kowa ke yi. Ki ɗauko a shago, ki biya bayan an watse. Ke kika fara?"

Haka aka yi. Wartini ta ce za su nemi hutun mako ɗaya a watan babbar sallah. Dattijon da ke duba ranaku ya haɗa ranar haihuwar amarya da ta ango ya tsayar da Lahadi. Wani mai shago a kasuwar Wonosari ya ba da kaya bashi. Mata suka cika bayan gidan Tumirah, aka yanka kaji, aka cika kwando ɗari biyu da goma, aka raba har ƙauyuka uku na maƙwabta. Makonnin nan Tumirah ta koma kamar yarinya. Tana wanke Kasiran tana ba shi labarin wa ya karɓi kwando da wa ya tambayi lafiyarsa, ta sa aka gyara masa rigarsa ta fita da ta yi masa yawa.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu, an riga an kafa rumfa an lanƙwasa ɗanyen ganyen kwakwa a bakin hanya don alamar biki, waya ta yi ƙara. Wartini ce, tana kuka. An soke hutun. Oda ta shigo masana'anta, an ce duk wanda ya tafi a wannan makon kada ya dawo, ita da Rusdi kuwa duk wa'adin aikinsu a watan yake ƙarewa. In suka zo, kuɗin maganin baba na wata-wata ya tsaya.

Tumirah ta saurara har ƙarshe. Ba ta ambaci rumfa ko kwanduna ba. Ta ce, "Ba komai, Nduk, 'yata. Ki riƙe aikinki. Kin dai ci abinci?"

Da ta faɗa wa Painah, ta ɗauka za ta ce a sauke rumfa. Amma Painah ta ce, "Tum, kajin nan suna cikin mutane tun shekaranjiya. Ba mai amayo su. Wanda ya ci zai zo, da amarya ko babu."

Ranar Lahadi aka yi bikin. Aka jera kujeru biyu masu ruwan zinariya da aka yi haya, aka ɗora hoton Wartini da mijinta a kan ɗaya, hoton da aka wanko daga waya, fuskokin duk sun yi dishi-dishi. Uwar biki ba ta shiga kicin, don haka karo na farko a rayuwarta Tumirah ta zauna a gaba, da hoda a fuska da aron 'yan kunne, Kasiran a gefenta an tokare shi da matasai. Mutane suka zo kaf, har 'ya'yan waɗanda suka mutu sun zo da abin da iyayensu suka ci. Kowa ya kama hannunta ya yi murna, ya kalli kujerun nan ya kawar da kai da sauri. Ba wanda ya tambayi ina amarya. Da ma wani ya tambaya, da ta samu wanda za ta faɗa wa. Wajen azahar ta jiyo ƙaurin shinkafa daga bayan gida, wata ta bar itace ya yi yawa. Ta yunƙura za ta tashi, ta tuna, ta koma ta zauna.

Kwana uku ana aunawa ana sayarwa. Lissafi ya fita. Mai shago ya karɓi nasa, Darno ya karɓi miliyan takwas ɗinsa ya yage katin a gabanta ya yi mata addu'a, dillali ya ji labari bai ƙara hawa tudun ba. Gona ta tsira, har buhu biyu na shinkafa suka rage a ɗaki. Tumirah ta zauna a bakin gadon Kasiran ta bi littattafan nan suna bayan suna tana jan layi, har ta kai na ƙarshe. Ta ɗaga masa ya gani.

"Ga ƙofar fitar, Pak, maigidana. Ka ce babu."

Ya kalli littafin, ya kalle ta. Wani ruwa ya gangaro ta gefen fuskarsa da ya shanye, ba ta san ko hawaye ba ne ko yawu, ta sa bakin zane ta goge.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da ta gani tun faɗuwar Kasiran, su ne kuma mafi shiru. Ba babur da safe. Abin dariya, har Darno ta yi kewa, don shi ne kaɗai mai shigowa kullum ya ce ina kwana. Ta kan dawo daga gona ta dafa, ta ba Kasiran a baki, ta yi masa hira ta amsa wa kanta. Lokacin bukukuwa ya wuce, ba ta lura da komai ba. Sai da aka yi kaciyar wani jikan mai unguwa ta ji lasifika daga nesa, ta ce ƙila ƙaramin abu ne na dangi. Aka yi wani aure a ƙauyen ƙetaren rafi, gidan da ta turara wa shinkafa sau biyu, shi ma a bakin mutane ta ji.

Sannan Painah ta tashi aurar da autarta. Katanga ɗaya ce ta gora tsakaninsu. Tumirah tana jin ana sara itace, ana fafe kwakwa, mata suna shewa. Ranar rabon kwando ta share tsakar gida sau biyu, ta zauna a dakalin ƙofa tana tsince wake. Mata biyu suka fito a kan babur da kwanduna ɗaure a baya, suka tsaya gidan da ke hagu da ita, suka gaishe ta da fara'a, suka wuce gidan da ke dama. Ta ci gaba da tsintar waken har ta gama, ta sake zuba shi a faranti ta fara daga farko.

Ba ƙiyayya ba ce, kuma ta sani. An zauna ne an yi mata adalci: matar nan ta karɓi nata, ba ta bin kowa, ba a bin ta, ga mara lafiya, ga shi ba ta da wani ɗan da za ta aurar. A kai mata kwando ai ɗora mata asara ne. Mutanen kirki ne suka yanke wannan shawara, kuma da kirkinsu suka mayar da gidanta irin na Mbah Sonto.

Da safen ranar biki ta tsaya a bakin hanya har ta hango babur ɗin Darno. Ita ta ɗaga masa hannu. Shinkafa tana da ita, sukari da taliya ne babu, kuɗin Wartini kuma sai ƙarshen wata. Ta ce ya ba ta dubu ɗari. Darno ya kashe babur ya dube ta, karo na farko da ta ga ya rasa fara'arsa ta aiki.

"Mbok, kin fita lafiya. Mutum nawa kika gani sun fita daga hannuna? Wani abu ne ya samu Pak Kasiran?"

"Lafiyarsa ƙalau. Biki za ni."

"An kawo miki kwando ne?"

"Kai huda katinka."

Ya huda. Ta saya, ta auna shinkafa kilo biyar daga buhun ƙarshe, ta gyara wa Kasiran kwanciya ta ajiye masa ruwa kusa da hannunsa mai motsi, ta goya kayan ta zagaya ta bakin kicin, inda ta saba shiga. Painah na zaune gaban ma'auni duk da ita ce uwar biki, don ba ta yarda wata ta riƙe mata littafi ba. Da ta ga Tumirah sai biro ya tsaya a hannunta, matan da ke yanka albasa suka ɗago suna kallo.

"Tum, me ke nan? Mun bar ki ne ki huta."

"Na huta. Auna."

"In auna in mayar miki yaushe? Ke da kanki kin san ba ki da sauran biki. Kada ki sa ni cin abin da ba zan iya biya ba."

Tumirah ta kwance goyon ta ɗora a kan ma'auni da kanta.

"Saura biyu a gidana, Yu. Zaman makokin Kasiran, da nawa. Na farkon ina nan, zan tare ku a ƙofa. Na biyun ne ba na nan, Wartini kuma ƙila ba a ba ta hutu ba. Ki rubuta, don a samu wadda dole ta zo ta hura wuta."

Painah ta gyara riƙon biro. Ta duba allurar ma'auni ta daɗe, kamar kilo biyar wani sabon lissafi ne, ta ja hanci, ta rubuta. Sannan ba ta ɗago kai ba ta ce da matan, cikin faɗa, su kuma me suke kallo, a cika kwando a kai wa Kasiran yanzu, a sa cinya biyu.

Tumirah ta wuce bayan gida cikin hayaƙi. Wata matashiya tana tsaye kan babbar tukunya tana ta tura itace. Ta matsar da ita gefe, ta kara kunne kusa da murfi, ta janye guda biyu.